Kafin Motar Asibiti Ta Iso

"Likita, barka da ƙoƙari. Makonni uku da suka wuce na tarar da haɗarin mota a kan hanya. Akwai wani bawan Allah da ya ji rauni a cinya, jini yana zuba, amma yana magana, har ya ba ni lambar matarsa na kira ta. Mun kira motar asibiti, sai da ta yi kusan minti hamsin kafin ta iso, daga baya na ji ya cika kafin a shiga da shi tiyata. Abin ya tsaya mini a rai. Shin ƙarancin motoci ne matsalar? Ina kuma karanta labarin jirage marasa matuƙi da manhajojin waya da ake cewa suna ceton rai. Da gaske ne ko talla ce? Sannan mu da muke tsaye a wurin, akwai abin da ya kamata mu yi da ba mu yi ba?"

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya ba iyalinsa haƙurin rashi, kai kuma ya saka maka da alheri da ka tsaya a kansa. Tambayoyi uku ka haɗa wuri ɗaya: me ke hana taimako isowa a kan kari, me sababbin na'urori suka ƙara, da kuma abin da hannun wanda bai karanci aikin lafiya ba zai iya. Na daɗe ina aiki a sashen agajin gaggawa, kuma irin mutumin da ka kwatanta na karɓe shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Sai dai shi wannan ban duba shi da hannuna ba, don haka ba zan ce maka da an yi kaza da ya tashi ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka wuraren da lokaci ke zurarewa, da waɗanda aka gano yadda ake toshe su.

Bari in fara da abin da na san ya fi ci maka rai, wato yana magana amma ya rasu. Jinin da ke jikin babban mutum kusan lita 5 ne. Idan ƙashin cinya ya karye, cinyar kaɗai tana iya shanye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da ɗigo ya fito waje ba, balle ga rauni a buɗe yana kwarara. Jiki kuma yana da dabarar ɓoye asara: yana matse jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa, ya tura ragowar jinin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa matashi mai ƙarfi zai iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa yana hira, yana ba da lambar waya, awon jininsa ma bai sauka ba. Mai ihu ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba, domin yana da sauran ƙarfi. Wanda ya yi shiru, tafin hannunsa ya yi sanyi, gumi ya keto masa, yana roƙon ruwa, numfashinsa ya koma sama-sama, shi nake barin kowa in nufa. Da zarar dabarar jikin ta ƙare, faɗuwar lokaci ɗaya take zuwa.

Guga da igiya

Motar asibiti guga ne. Komai kyan guga, idan igiya ta gaza ba ya taɓa ruwa. Igiyar nan ita ce duk abin da ke gaba da motar da bayanta: wani ya gane cewa abin na gaggawa ne, ya san lambar da zai kira, a samu mai ɗaukar kiran da ya san tambayar da zai yi, a gano inda mutum yake, motar ta zo da mai a tanki da iskar oksijin da ma'aikacin da ya iya aiki, a kai shi asibitin da ya dace da irin rauninsa, can kuma a tarar da gado da jini da likitan tiyata a farke. Ko'ina igiyar ta tsinke, sakamakon ɗaya ne.

Duniya ba ta daɗe da fahimtar haka ba. Tun ƙarshen ƙarni na 18 likitan sojan Faransa Dominique Jean Larrey ya shirya kekunan doki masu sauri don kwaso waɗanda suka ji rauni daga filin daga, amma sai a 1937 aka buɗe lambar kiran gaggawa ta 999 a Landan. A Amurka, wani rahoto da ya fito a 1966 ya nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu kamfanonin jana'iza ne ke yin sa, saboda su ke da motar da mutum zai iya kwanciya a ciki. Rahoton nan ne ya tayar da ƙasar tsaye, aka fara horar da ma'aikata na musamman, aka kawo lambar 911 a 1968. A daidai wannan lokaci a Belfast, likita Frank Pantridge ya ɗora na'urar farfaɗo da bugun zuciya a cikin mota; ta farkon nauyinta ya kai kilo 70, batirin mota take amfani da shi. Tarayyar Turai ta amince da lambar gaggawa ta 112 a 1991. Ke nan aikin da ake magana a kai, a siffarsa ta yau, bai wuce shekara 60 ba.

Nauyin kuwa babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya kaɗai suna kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, sama da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Fiye da rabin mace-macen da ake yi a waɗannan ƙasashe sanadinsu larurori ne da kulawar gaggawa za ta iya tarewa: rauni, zubar jinin haihuwa, jijjiga, ciwon huhu a yara, saran maciji, ciwon zuciya. Wannan ya sa a 2019 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri cewa kowace ƙasa ta gina tsarin kulawar gaggawa.

Inda mintuna ke zubewa

To, ƙarancin motoci matsala ce? Ƙwarai kuwa, a wurare da dama. Amma sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, shi ya sa aka fi yin sa. Na ga motoci sababbi fil da suka shekara a ajiye saboda babu kasafin mai, ko babu taya, ko direba ɗaya ne kuma ya tafi hutu. Na ga wadda ta iso da sauri, aka buɗe ta ba komai a ciki sai gado. Motar da za ta yi aiki dare da rana tana bukatar tawagar ma'aikata huɗu ko biyar masu karɓa-karɓa, da makaniki, da mai cika kayan aiki bayan kowace fita. Albashi da gyara su ke cin kuɗin, shekara bayan shekara, kuma ba a yi musu bikin ƙaddamarwa.

Kafin motar ta motsa ma an riga an yi asarar lokaci. Mutane sukan tsaya shawara, a kira ɗan'uwa, a jira maigida, a ce bari a ga ko zai farfaɗo. Tun 1994 masu bincike Thaddeus da Maine suka kasa jinkirin da ke kashe mata masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na jarraba wannan ma'auni a kan kowace irin larurar gaggawa, ban ga inda bai hau ba. Sai kuma neman wuri. Mai kira a firgice yake, yana cewa kusa da gada, alhali gadoji uku ne a kan hanyar. Minti goma sukan tafi a nan kaɗai.

Akwai kuma cikas ɗin da mutane ba su cika tunaninsa ba, wato ƙofar asibiti. Idan sashen gaggawa ya cika saboda ba a samu gadon da za a mayar da waɗanda aka riga aka duba ba, motar da ta kawo marar lafiya ba ta da inda za ta sauke shi. Sai ta tsaya a layi, kuma muddin tana tsaye, duk wanda ya kira daga gari jira zai yi. Wannan ba ciwon ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. A Ingila, ƙa'ida ita ce a isa wurin mai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin minti 18 a matsakaici, amma a Disambar 2022 matsakaicin ya haura minti 90, kuma babban dalilin shi ne motoci sun maƙale a bakin asibitoci. Da za a ninka motocin a ranar, layin ne kawai zai ƙara tsawo.

Ba na manta wani dare da aka turo mana wata mata daga ƙaramin asibiti, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Motar ta yi gudu, ta iso cikin lokaci mai kyau. Amma ba wanda ya kira mu ya ce tana tafe. Takardar da aka haɗo ta da ita layi biyu ce, ba rukunin jininta, ba a rubuta abin da aka riga aka ba ta ba. Tukunyar oksijin da ke gefenta tana da iska, amma mabuɗin tukunyar ya ɓata, ma'aikaciyar da ta rako ta tana riƙe da abin rufe hancin a fuskarta ba abin da ke fita. Sai a sannan muka fara neman jini, muka tayar da mai ba da maganin barci. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma minti arba'in da direban ya ceto a hanya mu muka zubar da su a cikin gini. Kiran waya ɗaya na minti biyu da ya wadatar. Tun daga ranar na mayar da shi doka a kaina: ba na tura kowa ko'ina sai na ji muryar wanda zai karɓe shi.

Sauran matsalolin zan ratsa su da sauri, ba don ƙanƙantarsu ba. Wa zai biya? Duk inda aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa mutum, an mayar da gaggawa ciniki. Tsoron masu taimako: mutane da yawa suna wuce wanda ya ji rauni don gudun a riƙe su a ofishin 'yan sanda ko a ɗora musu kuɗin magani, abin da ya sa Kotun Ƙolin Indiya a 2016 ta tabbatar da kariya ga duk wanda ya tsaya ya taimaka. Kiran da ba na gaggawa ba yana cinye motoci. Ma'aikatan kansu suna gajiya, ana zaginsu, wani lokaci a doke su, suna ganin abin da ke hana barci, kuma ƙwararrun cikinsu su ne suka fi saurin barin aikin.

A tsaya a yi magani, ko a ɗauka a ruga?

Wannan tsohuwar muhawara ce a tsakaninmu, kuma ta shafi mutuminka kai tsaye. Tsarin Faransa, wanda ake kira SAMU, yana tura likita wurin da abin ya faru a fara magani a can. Tsarin Amurka da Birtaniya ya fi karkata ga ma'aikatan da aka horar su yi abin da ya wajaba su ɗauko mutum. Wani babban bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada ya gano cewa ƙara wa ma'aikatan mota dabarun magani masu zurfi ya rage mutuwar masu fama da sarƙewar numfashi, amma bai ƙara yawan waɗanda suka tsira daga mummunan rauni ba. A birnin Filadelfiya kuwa, 'yan sanda sun daɗe suna saka wanda aka harba ko aka soka a bayan motarsu su nufi asibiti ba tare da jiran motar asibiti ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, kuma aikina ya tabbatar mini, shi ne amsar tana bin irin larurar. Wanda zuciyarsa ta tsaya, a wurin ake ceto shi. Ɗaukarsa ana gudu ba a danna ƙirjinsa daidai hasara ce. Wanda jini ke zuba a cikin cikinsa ko ƙirjinsa, maganinsa wuƙar likitan tiyata ce, duk mintin da aka ƙara a bakin hanya an rage masa ne. Ka taɓa jin ana cewa awa ɗaya ta farko ita ce ta zinariya. Likitan tiyata R Adams Cowley na Baltimore ne ya yaɗa kalmar. Tana da amfani wajen zaburar da mutane, amma kada ka ɗauke ta a matsayin alƙawarin minti 60. Wanda babbar jijiyar cinyarsa ta yanke yana iya ƙarewa cikin minti biyar, wani kuma ya kai awa huɗu.

Sababbin dabarun da suka fi tasiri

Idan ka ce in jera sababbin abubuwa bisa yawan rayukan da suka ceta, waɗanda za su zo a sama ba su ne ake nunawa a labarai ba.

Na farko horar da mutanen gari. Tsakanin 1997 da 2001, a yankunan da ke cike da nakiyoyi a arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda babu motar asibiti kuma tafiya zuwa likitan tiyata takan ɗauki sa'o'i, wasu likitocin Norway sun horar da ma'aikatan lafiya na karkara 135 da ƙauyawa sama da 5,000 yadda ake buɗe hanyar numfashi, a tsayar da jini, a ɗumama jiki. Mutuwar waɗanda suka ji rauni ta sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa kusan 15. A Ghana an koya wa direbobin haya sama da 300 taimakon farko a kwas na awa 6, bisa hujjar cewa su ne dama ke kai mafi yawan waɗanda suka yi haɗari asibiti. Wannan tunanin na fi yarda da shi a cikin duk abin da zan faɗa: duk wanda ya riga kowa isa, shi ne ma'aikacin gaggawa na farko, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Na biyu maɗaurin tsayar da jini. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa ɗaure hannu ko ƙafa yana jawo a yanke ta. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan suka sauya wannan fahimta, da aka ga sojojin da aka ɗaure musu da wuri suna rayuwa, kuma gaɓar tana jure kusan awa biyu ba tare da lahani mai ɗorewa ba. Daga nan aka fito da shi zuwa farar hula, har Amurka ta ƙaddamar da gangamin koya wa jama'a tsayar da jini a 2015.

Na uku wani tsohon magani mai araha, tranexamic acid, wanda ke hana gudan jinin da jiki ya ƙulla narkewa. Binciken CRASH-2 na 2010, a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna cewa idan aka ba da shi cikin awa ɗaya da jin rauni yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku; bayan awa uku kuwa amfaninsa ya wuce, yana iya ma cutarwa. Binciken WOMAN na 2017 ya sami kusan irin wannan sakamako a mata masu zubar jini bayan haihuwa. Da aka haɗa alƙaluman biyun, sai aka ga kowane jinkirin minti 15 yana rage amfaninsa da kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa wurin da ya dace da shi cikin motar asibiti ne da ƙananan asibitoci, kusa da inda jinin ya fara zuba.

Na huɗu ɗakin karɓar kira. Mai ɗaukar kiran da aka horar yana iya gane tsayawar zuciya daga tambaya biyu, yana farke, yana numfashi daidai, sannan ya riƙa ƙirga wa mai kira yadda zai danna ƙirji har mota ta iso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Akwai kuma fasahar da aka fara a Birtaniya a 2014, wadda wayar hannu ke aika wa ɗakin kira ainihin inda take da zarar an danna lambar gaggawa; ita ce maganin matsalar gadoji uku, a ƙasashen da suka haɗa ta da tsarinsu. Indiya ta fara lambar 108 a 2005 a jihar Andhra Pradesh, Pakistan ta fara Rescue 1122 a Lahore a 2004, daga baya ta ƙara da babura masu kutsawa lungunan da mota ba ta shiga. A Tanzaniya, shirin m-mama bai jira a sayi motoci ba: mace mai naƙuda ta shiga matsala, a kira lamba kyauta, idan babu motar asibiti sai a tura direban gari da aka yi wa rajista aka horar, a biya shi ta waya.

Jirage marasa matuƙi da ƙirƙirarriyar basira

Yanzu ga waɗanda ka tambaya. Jiragen da gaske ne. Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkarar Ruwanda a 2016, ya shiga Ghana a 2019. Hikimar ita ce jini yana lalacewa idan ya daɗe, ƙaramin asibiti ba zai iya ajiye kowane rukuni ba, to gara a tara shi wuri ɗaya a aika cikin mintuna idan an nema. A Suwidin kuma ana aika na'urar farfaɗo da zuciya ta sama. A Disambar 2021 a garin Trollhättan, wani dattijo mai shekara 71 ya faɗi yana share ƙanƙara a ƙofar gidansa, jirgin ya sauke na'urar cikin minti uku da 'yan daƙiƙu, ya rayu. Amma ka lura da abin da labarin ya ƙunsa: wani likita ne da ke wucewa ya tsaya ya fara danna ƙirjinsa, shi ya ɗauki na'urar ya manna. Jirgi yana kawo kaya. Hannun da zai yi aiki da kayan dole ya kasance a ƙasa, haka ma jinin da aka jefo daga sama yana bukatar wanda ya iya ƙara shi.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa, wato manhajar kwamfuta da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, sai a yi mata adalci ta fuska biyu. A Kopenhagen an gina manhajar da ke sauraron kiran gaggawa tana neman alamun tsayawar zuciya, kuma ita kaɗai ta fi mutane saurin kamawa, ko da yake takan yi ƙararrawar ƙarya. Da aka gwada ta a aiki na zahiri, sakamakon da aka wallafa a 2021 bai nuna ta ƙara wa masu ɗaukar kiran iya ganewa ba. Ba na ganin wannan a matsayin ƙarshen maganarta, amma ya isa ya sa duk mai shirin kashe kuɗi a kanta ya nemi shaida tukuna. Manhajoji irin su GoodSAM da PulsePoint, masu sanar da wanda ya iya taimakon farko cewa ga wani ya faɗi kusa da shi, ƙarfinsu yana bin yawan waɗanda aka horar a garin.

Akwai motocin da ke ɗauke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, waɗanda aka fara a Homburg ta Jamus a 2008, don a ba mai shanyewar ɓarin jiki maganin narkar da gudan jini tun a ƙofar gidansa. Suna aiki, domin a irin wannan larura ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti, sai dai tsadarsu ta sa sun dace da manyan birane masu asibitocin da suka riga suka tsaya da ƙafarsu. Ƙaramar na'urar sikanin da ake haɗawa da waya, aika awon zuciya daga mota zuwa asibiti kafin a iso, ɗaukar jini a cikin mota, duk ci gaba ne na gaske. Ma'aunina a kan kowace sabuwar na'ura tambaya biyu ce: minti nawa za ta rage tsakanin faɗuwar mutum da taimakon da ya dace, kuma wa zai gyara ta ranar da ta lalace? Tsarin da bai iya ajiye mabuɗin tukunyar oksijin ba, a can ya kamata ya fara.

Abin da hannunka zai iya

Wata rana an kawo mana wani saurayi da gilashi ya yanke masa cinya, rauni mai zurfi. Wanda ya kawo shi direban babbar mota ne. Ya cire rigarsa ya cusa ta cikin ramin raunin, ya ɗora gwiwarsa a kai da dukan nauyinsa, wani ya ja motar, bai ɗaga ba har ƙofarmu. Da muka ce ya sauka, ƙafarsa ta sage, sai da aka riƙe shi. A tiyata aka tarar babbar jijiya ce ta yanke. Yaron ya koma gida da ƙafarsa.

Abin da direban nan ya yi shi ne darasin. Ka fara tabbatar da cewa kai ma mota ba za ta bi ta kanka ba. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai, kira lambar gaggawa, domin idan ka ce wani ya kira, kowa zai zaci wani ya kira. Ka buɗe tufafi ka ga inda jinin ke fitowa. Ka sa kyalle mafi tsafta da ka samu, idan ramin mai zurfi ne ka cusa shi ciki, ka danna da hannu biyu da nauyin jikinka. Zai yi zafi, zai yi ƙara, kada ka sassauta, kuma kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, da kyalle mai faɗi, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya. Banda waya ko siririyar igiya. A rubuta lokacin da aka ɗaure, kuma kada a kwance sai a asibiti. Ɗaurin da bai matse sosai ba yana iya ƙara zubar jinin, saboda haka idan kana shakka, ci gaba da dannawa.

Ka lulluɓe shi ko da ana zafi, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa yadda ya kamata. Kada a ba shi ruwa ko abinci komai roƙonsa. Ana iya shiga da shi tiyata, kuma abin da ke cikinsa yana iya komawa huhu. Idan ya suma amma yana numfashi, a juya shi ta gefe a hankali, kai da wuya da gangar jiki su tafi tare. Idan ba ya numfashi ko yana shaƙuwa jefi-jefi, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ana karɓa-karɓa.

Jira ko ɗauka? Ka tambayi mai ɗaukar kiran minti nawa motar za ta yi. Idan jini ne ke zuba, motar tana nesa, asibitin da ke yin tiyata kuma ya fi ta kusa, ni a ganina a ɗauke shi a kwance, mutum ɗaya yana danne da raunin har a isa, wani kuma ya kira asibitin ya ce ga mu nan tafe. A zaɓi asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata ko da ya ɗan fi nisa, domin tsayawa a inda za a sake tura ku gaba an gudu ne ba a tsira ba. Idan kuwa ana zargin karayar wuya ko gadon baya kuma jini ba ya zuba, jiran masu kayan aiki ya fi.

Rubutu yana da iyaka a nan. Ƙarfin da ake bukata wajen danna rauni ko ƙirji ya fi abin da mutane ke zato nesa ba kusa ba, kuma sai hannu ya gwada yake ganewa. Ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent suna koyar da taimakon farko a kusan kowace ƙasa, galibi cikin yini ɗaya ko biyu. Ka je ka yi, ka ja abokan aikinka biyu ko uku ku tafi tare. A motarka kuma ka ajiye safar hannu ta roba, bandeji mai kauri guda biyu, almakashi, bargo, da alƙalamin da zai iya rubutu a kan fata.